Baba, Kun Ci?

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin nan da ke tashi daga Bronx zuwa Atlantic City yana da labarin wautar da ya tafka a zuwansa na farko. Wata maƙwabciyata 'yar Kumasi ta karɓi lemo daga hannun yarinyar da ke yawo da tire, sai da ta kurɓa ta sake kurɓa kafin ta gane ba lemo kaɗai ke cikin kofin ba, ta wuni tana kurkure baki tana istigfari. Wani ya shiga ginin da bas ke sauke mutane da hantsi yana jiran rana ta karkata ya yi azahar, bai san ginin ba taga ba agogo ba, da ya fito magariba ta wuce, bas ma ta wuce. Akwai wadda ta ci ado da takalmi mai tsini ta je ta maƙale tsakanin katakan titin bakin teku. Waɗannan duk ana ba da su a gidan suna, masu abin ma suna taya dariya. Na mahaifina ne ba a bayarwa a gabana. Shi kuskurensa ɗaya ne: an tambaye shi ko ya ci, ya amsa.

Baba ya zo wurina daga Maraɗi bayan rasuwar Inna. Ni na matsa, don ba zan iya barinsa shi kaɗai a gidan da duk kusurwarsa ita ce ba. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa, in fita da safe sai yamma, maigidana kuma direban babbar mota ne, yana can bisa hanya kusan kullum. Sai ya zama Baba yana wuni a gaban taga a gidanmu na Concourse Village, can sama, yana kallon jiragen ƙasa suna shiga suna fita. Turancinsa bai wuce tankiyu ba. Mutumin da a garinmu ba ya iya kaiwa bakin titi sai an tsayar da shi ana gaisuwa, ya koma ba mai sanin ko ya tashi ko bai tashi ba. Tuwon da na bar masa da safe, shi nake tararwa da yamma, an ɗan taɓa gefensa.

Masallacinmu a ƙarƙashin wani kanti yake, ana sauka da matakala, bututun ɗumama ɗaki na bi ta saman kan mutane. Wata rana lokacin la'asar ya yi, mai kiran salla bai iso ba, Baba ya miƙa hannu ya ɗauki makirufo. To shi ladan ne tun kafin a haife ni. Ban ji da kunnena ba ran nan, amma direbobin tasi sun ba ni labari, sun ce akwai wanda ya sunkuyar da kai yana share hawaye, wai ya ji kamar a unguwarsu yake. Liman ya ce daga yau ba mai kira sai Baba, ya ba shi makullin ƙofa. A nan kiran ba ya fita titi, iyakarsa wannan ɗakin na ƙarƙashin ƙasa, amma ya ishi Baba. Na saya masa agogon hannu. Ya fara goge rigunansa da kansa, ya fara faɗa in na makara da abinci. In faɗi gaskiya, wannan makirufon da makullin su ne duk abin da mahaifina ya mallaka a ƙasar nan.

Wanda ya makara ran nan kuwa mai shagon waya ne a bakin layinmu. Ɗan garinmu ne, ɗan unguwarmu ma, uwarsa da Innata a injin niƙa ɗaya suke haɗuwa. Shi ke kiran salla kafin zuwan Baba, da wata murya kamar ana jan ƙofar langa-langa, kuma yana son abin, don har a shago Ladan ake ce masa. Da aka karɓe, bai nuna komai ba. Har ƙasa yake durƙusa wa Baba, yana cewa, “Ai girmanku ne, Baba, mu da ma riƙon ƙwarya muke yi.” Ya ci tuwo a gidana ba sau ɗaya ba, har miya nake ƙara masa.

Shi ya kawo zancen tafiyar, bayan Babbar Salla, ana tsakiyar zafi. Ya ce, “Yaya, a kai Baba ya ga teku mana. Bas ɗin da araha, jama'a duk za su.” Kada wani ya raina mini hankali, kowa a unguwar nan ya san abin da ke garin. Kowa kuma yana zuwa, wai sayayya, wai shan iska. Baba bai taɓa ganin teku ba, don da jirgi ya ƙetaro da shi barci yake yi. Ran tafiya bas ta cika da namu, har da 'yan kwamitin masallaci da hajiyoyin da ke zama sahun gaba na mata. Da muka isa aka raba wa kowa takardu biyu, ɗaya ta cin abinci, ɗaya ta injinan caca. Mai shagon waya ya zare ta biyun daga hannun Baba ya ce, “Wannan ba ta da amfani, kawo in yar muku.” A aljihunsa ya yar da ita.

Ginin da aka sauke mu yana da ƙubbobi farare da wasu dogayen hasumiyoyi. Baba ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa, ya ce, “Masha Allah! Uwata, har nan akwai masallacin Juma'a?” Kafin in buɗe baki ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa ya riƙe a hannu. Mutanenmu suka tuntsire da dariya, wata hajiya har da dafa bango. Na durƙusa na mayar masa da takalmin na ce otel ne, kuma otel ɗin ne, mai ganin na yi ƙarya ya je ya duba.

Ba a kaiwa ɗakin abinci sai an ratsa ta tsakiyar injinan, haka suka gina shi da gayya. Baba cacar da ya sani ita ce ta karta a kan tabarma a bayan tasha. Da ya ga tsofaffin Turawa a jere, kowa ya ƙura wa allo ido yana danne-danne ba mai kula wani, sai ya tambayi mai shagon waya aikin me suke yi. Shi kuwa ya ce, “Ma'aikata ne, Baba.” Haka Baba ya riƙa ɗaga musu hannu yana cewa sannunku da aiki, ni kuma ina jan hannun rigarsa mu wuce.

Ɗakin abincin irin wanda ake ɗiba da kai ne, ka ci ka ƙara ba mai hana ka. Nama dai mun bar musu kayansu, muka tsaya a kifi da shinkafa da kayan marmari. Da farko Baba ya ƙi jatan lande, ya juya ɗaya da cokali ya ce wannan ai fara ce ta cikin ruwa. Da ya ɗanɗana kuwa, sai ga shi ya tashi da kansa da faranti. Ya dawo ya raɗa mini, “Ba za su ce mun yi haɗama ba?” Na ce ya ci, an riga an biya. Ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, maiƙo har a gemu. Tun rasuwar Inna ban ga ya ƙara abinci ba sai ran nan, ni ma kasa cin nawa na yi don kallonsa.

Daga nan na shiga banɗakin mata in yi alwala, na tarar da layi. Na bar Baba a hannun ɗan garinmu. Da na fito na same su tsaye, Baba sai fara'a yake yi, shi kuma yana mayar da waya aljihu. Muka fita bakin teku. Baba ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa, ya ɗiba da tafin hannu ya lasa, ya tofar yana dariya, ya ce duk wannan ruwa ba na sha ko kofi ɗaya. Ya yi salla a kan yashi, tsuntsaye na kewaya shi. A hanyar dawowa ya yi barci da kansa a kafaɗata.

Bayan mun dawo, ina wurin aiki ina canza wa tsohuwar da nake kula da ita zanen gado wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Bidiyo ne, an turo mini shi ta wurare da yawa. Ga Baba cikin farar babbar riga, bayansa injina sai walƙiya suke yi, ɗaya na ta kaɗa ƙararrawa. Ba a ganin mai ɗauka, muryarsa kawai ake ji, muryar langa-langa.

“Baba, kun ci?”

“Na ci, wallahi na ci.”

“Da yawa?”

“Har sai da na ji kunya. Tun da nake ban taɓa cin irin na yau ba.”

“Za ku dawo ke nan?”

“In Uwata ta yarda, ko kowane mako ne.”

Sai Baba ya shafa cikinsa. To duk wanda ya san babbar riga ya san aljihunta a nan gaba yake. A ƙasan bidiyon an rubuta kalma ɗaya: Ladaninmu.

Ban san yadda na gama aikin ran nan ba. Daga jirgin ƙasa shagon wayar na wuce, da kayan aikina a jikina. Yana ganina ya fara murmushi, ya ce, “Haba Yaya, wasa ne fa. Abokai kawai na tura wa, ban san wanda ya fitar ba.” Na ce, “Kai, tsohon da ka ci tuwo a kwanonsa?” Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ni na ambaci caca? Saurara da kyau. Shi ya ce ya ci.” Na sa hannu na share duk rigunan wayar da ke kan teburinsa suka watse a ƙasa, na kira shi munafuki, na kira shi maci amana, na kira shi abin da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama, yana kallon mutanen da suka taru a ƙofa, don su ma su ga irin 'yar da ladan ya haifa.

Na je wurin liman. Na durƙusa na ce, “Allah gafarta malam, abinci yake nufi.”

Ya ce, “Na sani, Hajiya. Duk wanda ya san mahaifinki ya sani.”

Na ce, “To?”

Ya ce, “To abin da ke bayansa fa? Mutane sun gani da idonsu. Ke 'yarsa ce, maganarki ba za ta kashe wutar ba. Kawo mini mutum ɗaya cikin waɗanda suka je, ya tsaya gaban jama'a ya ce yana wurin, abinci Baba ya ci. Shi ke nan, zancen ya mutu.”

Na fito har da godiya, ina ganin abu mai sauƙi ne. Bas guda fa muka cika! Na fara da hajiyar da ta zauna kusa da Baba tana tura masa kifi a faranti. Ta kama haɓa ta ce, “Ni? Ai ni zannuwan gado na je saye, ko ƙofar wurin ban kalla ba.” Na je wurin ɗan kwamitin da na gani da idona ya harɗe a gaban inji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce shi bakin ruwa ya wuni yana lazimi, bai ma san ana shiga ba. Wata ta ce mijinta bai san ta je ba, in rufa mata asiri. Wani ya daina ɗaukar wayata. Na zagaye unguwar nan kaf, ashe bas ɗin nan duk waliyyai ta ɗauka, mu biyu kaɗai muka shiga gidan caca, ni da tsohon da ya tuɓe takalmi a ƙofa.

Duk wannan Baba bai sani ba, don wayarsa ƙarama ce mara hoto. Ya ga dai ana amsa gaisuwarsa a gajarce. Ranar da ya sauka matakala zai kira azahar, ya tarar makirufo na hannun mai shagon waya. Liman ya ja shi gefe ya ce ya ɗan huta tukuna, ya karɓi makullin, wai za a canza kwaɗo. Bayan salla wani mai son a san shi ya fi kowa tausayi ya nuna masa bidiyon. Da na dawo na same shi zaune a bakin gado, bai ko cire hula ba.

Ya ce, “Uwata, wurin nan gidan caca ne?”

Na ce, “Otel ne, Baba. Akwai caca a ciki.”

“Mutanen nan da na yi wa sannu da aiki?”

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, “Na cire masa takalmi.” Bai yi mini faɗa ba, bai zagi kowa ba, ya tashi ya shiga banɗaki ya yi alwala.

Da a ce sun karɓe sun yi shiru, da da sauƙi. Ina! Mutanenmu in suka sami abin wasa ba sa saki. In Baba ya fito, sai wani ya ɗaga murya daga ƙofar kanti, “Baba, yau an ci kuwa?” A wani gidan suna ina ji da kunnena mai rabon abinci ta ce, “A cika wa Baba faranti, shi wurin ci ba daga baya ba,” mata suka fashe. Cikinsu har da mai zannuwan gado. Na tsane su ran nan, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in daina ba.

Wata Asabar da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan kwamitin nan ne, mai lazimi a bakin ruwa, da goro da kwalbar turare. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya zaci an zo ba da haƙuri, ya ce in kawo shayi. Ina kicin ina jin su. Bayan doguwar gaisuwa mutumin ya sassauta murya ya ce, “Baba, tsakanina da ku ne, ba mai ji. Addu'ar nan da kuka karanta kafin ku zauna gaban injin, ita nake so ku taimaka mini da ita. Ni duk zuwan da nake yi, ni ake ci.” Ban jira amsar Baba ba. Na fito da ludayi a hannu, na kwashi goronsa na watsa a baranda, na ce ya bi abinsa kafin in tara masa bene. Ya fita yana cewa ba ni da tarbiyya. Ba shi kaɗai ba ne, wasu ma sun zo da irin wannan buƙatar, duk masu salla a sahun gaba.

Bayan wannan Baba ya ce in sama masa tikiti, gida zai koma, can ko ba komai an san shi. Ina cikin nema ƙanensa ya bugo daga Maraɗi. Na sa wayar a lasifika don Baba ya ji da kyau. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, “Yaya, ashe abin arziki ya samu ba labari? An ce kun ci har kun ji kunya. A tuna da mu dai.” Ya ƙara da cewa bidiyon har a ƙofar masallacin unguwa an kalla, matasa sun haddace maganar, suna yi wa juna. Masallacin da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tashin mutanensa salla ke nan. Baba ya miƙo mini wayar tun ƙanen nasa bai gama magana ba.

Ya daina sauka masallaci, a ɗaki yake sallarsa. In lokaci ya yi sai ya dubi agogon da na saya masa, leɓensa ya motsa, ba sauti. Tuwo ya koma yadda yake a da, an ɗan taɓa gefe. Ni kuma na shiga kaffa-kaffa da kalmar nan, sai a lokacin na gane Hausa ba ta tafiya sai da ita. A ci gaba, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci mutunci. Sai in ce, “Baba, ga tuwo,” ko “Baba, a taɓa mana ko kaɗan.”

Duk da haka ya tafi kafin sanyi ya shigo, ya ce gara a yi masa dariya a inda kabarin matarsa yake. Bai sake kiran salla ba, can ya rasu. Da aka yi zaman makoki a gidana, mai shagon waya ne ya fi kowa ɗaga murya wurin addu'a, ya kuma ci shinkafata ya ƙara. Har yanzu shi ke kira a masallacin, har yanzu Ladan ake ce masa.

Ana saura kaɗan Baba ya tafi, na dawo daga aiki a gajiye da yamma, ina duba saƙo a waya na tura ƙofa. Yana zaune a gaban taga, kwanon abincinsa a rufe a gefe. Bakina ya riga hankalina, na ce, “Baba, kun ci?”

Ya juyo. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

Ya ce, “Ajiye wayar tukuna, Uwata.”

Na kife ta a kan tebur, na nuna masa tafin hannuwana babu komai. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya sake duban wayar. Sannan ya mayar da fuskarsa ga taga, bai amsa ba.